Takalmi Ya Tsaya, Soja Ya Gudu

Ba zan taɓa mantawa da gayyar yankan shinkafar Yaya Lauwali ba. Ko da ma na so in manta, mutanen Morai ba su da niyyar taya ni. Don haka gara in ba da labarin da bakina, tun da na lura duk wanda ya ba da shi a madadina sai ya ƙara masa gishiri, wani ma har da barkono.

Ni malamin firamare ne a Talata Mafara, kimiyya nake koyarwa, kuma ni ne auta a gidanmu. Yaya Lauwali shi ne babbanmu, shi ke riƙe da gonakin gida a Morai tun bayan rasuwar Baba. Ni kuwa nomana a allo yake. Ina iya zana maka shinkafa tun daga saiwa har zangarniya, in sa wa kowane sashe suna, amma ka ba ni lauje na minti goma, sai tafin hannuna ya yi bororo kamar wanda ya damƙi garwashi.

Kakar da ta gabaci wadda zan ba ku labari, kububuwa ta sari Yaya a idon sawu. Ya sunkuya zai ɗaga damin shinkafa, ba komai a ƙafarsa sai silifas. Kwana tara muka yi a asibiti. Ƙafar ta kumbura ta zama kamar turmi, jini na tsattsafowa daga dasashinsa, matarsa na zaune a bakin ƙofa ta gaji da kuka sai kallo kawai. An sha wuya kafin a samo allurar kashe dafin. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma har yau in ya yi doguwar tafiya sai ka ga yana ɗan ɗingishi. Wannan ɓangaren ban taɓa ba da shi ina dariya ba.

Da shinkafa ta sake nuna, Inna ta aika aka kira ni. Na tarar da ita a tsakar gida tana riƙe da wani guntun kara. Bayan mun gaisa ta miƙo mini shi, ta ce, "Auta, kai ne kay yi boko. Wanga awon ƙafar ɗan'uwanka ne, daga silifas ɗinshi na ɗauka bai sani ba. Ka nemo mai abin da zai tsare shi daga igiyar ƙasa. In ta sake samun shi, ban san ko zai tashi ba." (Inna ba ta kiran maciji da sunansa ko da rana tsaka.)

Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta, ta kawo kukanta inda za a share mata hawaye. Kwana uku na yi ina karatu a waya a kan macizai da takalma. A kwana na huɗu, in da za a tambaye ni, da na ce duk faɗin Zamfara ba wanda ya kai ni sanin wannan fanni.

Ranar Talata na shiga kasuwa, na nufi rumfar wani dattijo da ake kira Alhaji Bawa. Tsohon baduku ne, ido ya fara rauni ya bar ɗinki ya koma sayar da takalma. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da gajiya da ɗalibai, har da hedimastanmu da bai taɓa gani ba. Ni kuwa tun ana cikin gaisuwar idona ya riga ya sauka a kan wani baƙin takalmi mai sheƙi, irin na ma'aikatan kamfani, da ƙarfe a wajen yatsu, tsayinsa iyaka idon sawu. (Gaskiya ita ce har na hango kaina a cikinsa ranar Litinin a filin makaranta.)

Na ce, "Alhaji, wannan nake so, ƙafa biyu. Na shiga gona ne, saboda maciji."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, maciji kake tsoro ko bulo ne zai faɗo maka a ƙafa?"

Na gyara tsayuwa na fara yi masa bayanin ƙarfen da ke bakin takalmin, yadda ba haƙorin da zai iya huda shi. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ɗauki sandarsa ya ɗan ƙwanƙwasa mini ƙwauri, ya ce, "Nan fa? Ƙarfen ya kawo nan?" Ya sake zagayawa ya taɓa sharaɓata. "Nan fa? Ni dai tun da nike ban taɓa jin macijin da yat tsaya yana neman babban yatsa ba. Daga idon sawu zuwa sharaɓa, nan ne akushinshi. Takalmin da bai kai kusa da gwiwa ba, ado ne."

Maƙwabcinsa mai sayar da igiya ya juya baya yana tari, irin tarin da kowa ya san dariya ce. Don in farfaɗo da mutuncina, na yi sauri na nuna wani dogon takalmin ruwa, kore shar, marar nauyi. Na ce to ga mai tsawo. Alhaji Bawa ya laluba ƙarƙashin tebur ya jawo ɗan'uwan wannan takalmin, wari guda, duk jikinsa huji kamar rariya. Ashe ajiye shi ya yi musamman don irina. Ya ɗauki basilla ya ɗan dangwala, ta shige kamar an soki tumatir.

"Wanga na wankin mota ne," in ji shi.

Daga nan ya jawo na uku. Jama'a, ban taɓa ganin takalmi mai muni irinsa ba. Baƙi ne marar sheƙi, robarsa kauri kamar tayar babur, an shimfiɗa masa wani yadi mai tauri a ciki, ga nauyi kamar an cika shi da yashi. Ya miƙo mini basillar ya ce in gwada da kaina. Na danna, na ƙara dannawa, na cije leɓe har gumi ya keto mini, bakin basillar bai wuce fatar sama ba.

Sai ya zaunar da ni a benci ya karanta mini darasin da waya ba ta ba ni ba. Ya ce in lanƙwasa takalmin in duba wajen idon sawu, don nan roba ke fara tsagewa, in na ga ko ɗan layi in ajiye. Ya ce kada in ɗauki wanda ya manne wa fata, gara ya ɗan yi yawa, ko da haƙori ya ratsa ya tarar da iska. A sa safa mai kauri, a kakkaɓe shi kafin a zura ƙafa. Ya rufe da cewa, "Kuma Malam, takalmi ba izinin taka maciji ba ne. Dami in ya kwana a ƙasa, da sanda ake fara gaishe shi."

Na yi ta gyaɗa kai, amma rabin hankalina yana can yana shirya yadda zan maimaita wannan bayani a Morai kamar ni na ƙirƙiro shi.

Karan Inna ya shige wani takalmi daidai, da ɗan sarari kamar yadda ake so. Matsalar tawa ce. Allah ya ba ni baki, ya rage mini ƙafa. Mafi ƙanƙanta a rumfar ya fi ni da lamba biyu. Alhaji Bawa ya ce in riƙa haɗa safa biyu masu kauri. Na ce to. (Guda na sa, siririya, ta zuwa makaranta.)

Da na kai wa Yaya nasa, ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera. Ya ce, "Auta, wanga ai na masu yashe kwata ne. In sa shi cikin rana in yi yanka? Mutane su ce Lauwali ya tsorata?"

Na ce, "Yaya, bara fa saura ƙiris."

Ya ce, "Abin da Allah ya rubuta, takalmi bai hana shi."

Na ce ai Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka. Na kawo hujja ta kimiyya, na kawo ta addini, na kawo ta 'ya'yansa huɗu. Duk ya saurara yana wasa laujensa. A ƙarshe, don Inna na tsaye a bakin ɗaki tana kallonmu, ya jefa takalmin a cikin amalanke ya ce zai tafi da shi gona. Tafiya da shi ya ce, bai ce sawa ba. Na ƙudurta a raina cewa ranar gayya zan nuna masa a aikace.

Ranar Asabar maza wajen ashirin suka hallara a gonar, ƙarƙashin jagorancin Kawu Sahabi, ƙanen Inna, mutumin da bai cika magana ba. Na iso cikin sabuwar malafa da dogon takalmina, kowane taku sai ya ce ƙwaf, don ƙafata yawo take a ciki. Wani ya ɗaga kai ya ce, "A'a, yau gayya har da soja!" Aka yi dariya. Na yi murmushin wanda ya san abin da jahilai ba su sani ba. Na karɓi lauje na yi yankan da bai fi cikin tabarma ba, sauran lokacin na yi shi ina zagayawa ina gyara wa mutane tsayuwa.

Da hantsi ya yi, mata suka iso da fura, kowa ya ajiye lauje ya nufo inuwar marke. Na ga ai ga aji ya cika, ba a taɓa ba ni irinsa ba. Na je na tsaya inda kowa zai gan ni, a gangaren gonar, wurin da laka ba ta gama bushewa ba, kusa da wani tarin shinkafa da aka yanke tun shekaranjiya. Na yi gyaran murya.

Na yi musu bayanin kububuwa da kasa da gamsheƙa, su da suka girma suna tsallake su. Na maimaita darasin Alhaji Bawa kalma da kalma ban ambaci sunansa ba. Sannan na ɗaga yatsa na ce, "In tsautsayi ya sa an sari mutum, abu uku: kada ya yi gudu, kada a ɗaure, kada a tsaga. A kwantar da shi a kai shi asibiti. Babban abin da ke ƙarasa mutum shi ne firgita. Namiji natsuwa aka san shi da ita."

Na lura Yaya ko kallona ba ya yi, furarsa yake sha. Abin ya sosa mini rai. Na ce, "Ku duba ku gani. Mai irin wannan takalmin ba ruwansa da fargaba." Na ɗaga ƙafar dama na shuri tarin shinkafar nan. Na ƙara shurinsa. Na dire ƙafar da ƙarfi a cikin laka, na riƙe ƙugu.

Sai na ji wani sauti, kamar an yayyafa ruwa a cikin mai mai zafi.

Kawu Sahabi ya ajiye ludayinsa a hankali, ya ce, "Malam, kada ka motsa."

Na sunkuyar da kai. Ga ta nan, taki ɗaya daga ƙafata, ta naɗe jikinta tana goga shi, 'yar ƙarama mai ruwan ƙasa da zane-zane. Ban gama tantance ta ba na ji tas a sharaɓar dama, kamar an ɗalle ni da yatsa.

Abin da ya biyo baya ban gan shi ba, labari aka ba ni, kuma mutum ashirin ba su saɓa wa juna ba. Sun ce na yi wata ƙara da ba su san namiji na iya yin ta ba, na tashi sama. Laka ta riƙe takalman, ni kuma ba abin da ya riƙe ni a cikinsu. Na fice fit, na bar su nan tsaye su biyu, kafaɗa da kafaɗa, suna fuskantar maciji. Ni kuwa na yanki gona da safa, na tsallake ƙwaryar fura, na ratsa ta tsakiyar mata suna watsewa, malafa ta yi nata wuri. Mai cewa kada a yi gudu, an ce ko zomo albarka. Sai da na kai gindin marke na zube.

Na dubi ƙafata na ga jini ya jiƙa safa. Shi ke nan. Na fara ihu, "Ku ɗaure! Ku kawo igiya ku ɗaure! Wa ke da reza? Ku tsaga!"

Wanda ya fara isowa kaina Yaya ne, da ɗingishinsa da komai. Ya durƙusa ya rungumo ni. Wani ya miƙo igiya, ya ture ta ya daka tsawa, "Ba a ɗaurewa! Likita ya hana! A kawo babur!" Sannan ya sassauta murya ya ce, "Auta, dube ni. Yi salati. Ba abin da zai same ka, ni ma na tashi." Na ɗaga ido na ga hawaye a fuskar Yaya Lauwali, abin da ban gani ba ko ranar da aka sare shi.

Wannan hawayen ne ya tabbatar mini tafiya ta zo. Na ji ƙafafuna sun yi sanyi, na ji dafi na hawa har ƙirji. Na ce to, kada in je lahira da kaya. Na riƙe rigarsa na fara wasiyya da ƙarfi, yadda kowa zai zama shaida. Na ce a gaya wa matata ta yafe mini. Na ce a gaya wa Kawu, gayyar bara da na ce zazzaɓi nake, lafiyata lau, ƙwallo na tsaya kallo. Sannan na ce, "Yaya, rediyon Baba da ya faɗa cikin randar ruwa muna yara, wanda aka yi maka dukan da ka kwana biyu ba ka zauna ba, ni ne na jefa shi. So nake in ji ko mutanen ciki za su iya magana a ruwa. Ka yafe ni."

Ana cikin haka Kawu Sahabi ya iso, ba gaggawa, kububuwar na rataye a bakin sandarsa ya riga ya gama da ita, ɗaya hannun kuma yana riƙe da takalmina na dama. Ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, wace ƙafa tas sara?"

Na ce, "Dama, Kawu. A sharaɓa."

Ya ce, "To wagga mai jini ai hagu ce."

Ya sunkuya ya zare safar. Wani guntun kututturen shinkafa ne ya soke ni a tafin ƙafa garin gudu. Ya cire shi da farce ya nuna wa jama'a. Ya naɗe ƙafar wandona ta dama har gwiwa, ya juya ta gaba da baya a cikin rana. Fata sumul, ko cizon sauro babu. Sannan ya ɗaga takalmin. A daidai sharaɓa ga 'yan ɗigo biyu kusa da juna, wani ruwa rawaya-rawaya ya gangaro daga wurin. Ya karɓi buta ya cika takalmin da ruwa har baki, ya riƙe shi sama kowa na kallo. Ko ɗigo bai tsattsafo ba.

Dafin da ya kai mini ƙirji na ji ya koma inda ya fito.

Ban san wa ya fara ba, amma na san wanda ya ce, "Takalmi ya tsaya, soja ya gudu!" Daga nan gayya ta watse da dariya. Wani ya kwanta a kan dami yana riƙe ciki. Mata suka rufe baki da mayafi, kafaɗu na rawa. Har Kawu Sahabi sai da na ga haƙoransa. Ni kuwa ina zaune a gindin marke, ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Yaya ya karɓi takalmin daga hannun Kawu, ya zubar da ruwan, ya daɗe yana kallon ɗigon nan biyu. Ya dubi tabon da ke idon sawunsa. Sai ya miƙe ya nufi amalanke, ya ɗauko nasa, ya kakkaɓe, ya zauna a kan kunya ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗaya. Dariya ta lafa. Ya taka ya dawo, ya ɗauki laujensa ya ce, "Wanda ke da abin cewa ya ce." Kowa ya tashi ya nemi laujensa. Da zai wuce ta gabana ya ɗan tsaya, bai dube ni ba, ya ce, "Batun rediyo kuma, sai mun je gaban Inna."

Mun je. Inna ta saurari labarin tun daga farko har ƙarshe, ta yi hamdala ta fi a ƙirga, ta shafa kaina ta sa mini albarka. Sannan ta yanke hukunci cewa in ɗauke wa Yaya dakon buhunan shinkafa daga amalanke zuwa rumbu, ladan dukan da ya sha. Na ɗauka, bayana ya yi mako yana ba ni labari.

Talatar da ta zagayo na bi ta rumfar Alhaji Bawa, na tarar da mutanen Morai sun fi bakwai a wurin, kowa na karɓar basilla yana gwadawa da hannunsa. Wani har yana koya wa na kusa da shi cewa a duba wajen lanƙwasa. Kafin la'asar mai kaurin ya ƙare, sai da aka yi sautu. Labari ya riga ni isa, don Alhaji na hango ni ya ce, "Malam, na ji kayana sun yi jarunta." Na ce sun yi. Ya ce, "Mai su fa?" Na ce yana nan yana samun sauƙi.

Kaka uku ke nan Yaya bai shiga gona ba tare da takalmin nan ba, kuma shi da bakinsa yake korar duk wanda ya zo masa gayya da silifas. Inna na barcinta. Aikin da aka ba ni na yi shi, ko da yake ba ta hanyar da na tsara ba, kuma in aka ce in sake, zan sake, sai dai wannan karon da safa biyu.

Abin da na koya kuwa, in za ka sayi takalmin gona, ka ɗauki mai tsawo, mai kauri, mai muni, ka bar mai sheƙi ga masu ɗaurin aure. Ka gai da dami da sanda. In kuma ta faru ka ji tas a ƙafa, don Allah ɗan'uwa, kafin ka fara tona asirin kanka a gaban mutum ashirin, ka naɗe ƙafar wando ka duba tukuna.